Tsibirin da Ba Ya Cikin Takardata

A watan Yulin 2025 babban ɗana ya turo mini labari ta waya: an rufe ɗan tsibirin nan na Tom Sawyer da ke cikin Magic Kingdom, za a cike kogin da ya kewaye shi a gina sabon sashe a wurin. Bai ƙara komai ba sai, "Baba, ka tuna?" Na tashi na buɗe durowar da nake ajiye tsofaffin fasfo da takardun haihuwa, na zaro wata takarda mai shafi biyar da na buga shekara bakwai kafin nan. Har yanzu tabon ruwan sama na nan a gefenta. Na bi ta layi-layi, tun daga ƙarfe 5:30 na asubar ranar farko har zuwa daren ranar ƙarshe. Ko sau ɗaya sunan tsibirin bai fito a ciki ba.

A 2018 ne Inna ta zo mana daga Katsina, zuwanta Amurka na farko. Muna zaune a jihar Maryland, ni da maiɗakina da yara uku: Yayansu mai shekara 12, Ummi takwarar Inna mai shekara 8, sai Auta mai shekara 4, wanda kakarsa ba ta taɓa gani ba sai a waya. Na ƙudurta a raina cewa kafin ta koma sai na kai su Orlando ta jihar Fulorida, wurin shaƙatawar nan na Walt Disney World da yaran suka daɗe suna yi mini naci a kansa. Kusan shekara biyu ina tara kuɗin. Wanda ya tara kuɗi da gumi haka, tsoron asara ne ke fara shigarsa tun kafin murna.

Wanda bai taɓa zuwa ba zai iya ɗauka irin filin wasan yara ne da ake zagayewa da yamma a dawo gida. Wurin ya kai faɗin murabba'in kilomita ɗari, manyan filaye huɗu ne a ciki: Magic Kingdom da aka buɗe a 1971, EPCOT a 1982, Hollywood Studios a 1989, da Animal Kingdom a 1998. Lokacin hutun makaranta, layin wasu abubuwan hawan yakan haura awa biyu. A wancan lokacin akwai tsarin da ake kira FastPass+, wanda ke ba mutum damar kama gurbi a abubuwan hawa uku kowace rana, a ba shi tazarar awa ɗaya ya zo ya shiga ta gajeren layi. Wanda ya sauka a otal ɗin kamfanin yana fara kama gurbi kwana 60 kafin zuwansa, sauran jama'a kwana 30. Teburin cin abinci a manyan gidajen abincin kuwa, a lokacin, tun saura kwana 180 ake kama shi. Don haka tun cikin Fabrairu, ana tsananin sanyi, ina zaune gaban kwamfuta ina zaɓen abin da za mu ci da rana a watan Agusta. A watan Yuni kuma, ƙarfe 7 na safe daidai, ina dannawa da sauri don kada gurbin abin hawan Flight of Passage ya kuɓuce wa Yayansu. Na samu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma har gobe ina kan wannan magana.

Sai dai ban tsaya a nan ba. Na raba kowace rana zuwa minti goma sha biyar-biyar. Na auna nisan da ke tsakanin wannan abin hawa da wancan a taswira, na rubuta wace hanya za mu bi, inda za mu sha ruwa, inda za mu tsaya ɗaukar hoto. Mutum shida na tsara wa kwana biyar, ban tambayi ko ɗaya daga cikinsu abin da yake so ba. A ganina a lokacin, hidima nake yi musu, ina ɗauke musu wahalar tunani.

Ranar farko mun isa ƙofar Magic Kingdom kafin a buɗe. Da muka shiga babban titin da ke miƙewa zuwa fadar Cinderella, sai ga wani ƙaton doki yana jan taragon fasinja a kan dogo. Auta ya ƙame. Inna ma ta tsaya, ita da ta tashi tana kallon hawan Sallah a Katsina, ta ce ko a dawakin fada ba ta taɓa ganin mai faɗin ƙirji irin wannan ba. Suka matsa kusa, kaka da jika, tana ce masa, "Angona, wannan ai shi za ka hau ranar ɗaurin aurenmu." Ni kuwa idona na kan agogo. Na ce mu tafi, za mu dawo. Na ɗauki Auta a kafaɗa yana waiwaye. Ba mu dawo ba, kuma da safe kawai dokin yake fitowa.

Wajen hantsi wani kuskure ya bayyana wanda ban hango ba duk da lissafina. Ba a barin yaron da bai kai tsawon santimita 112 ba ya hau Space Mountain. Na san da wannan, na ma rubuta cewa ni da maiɗakina za mu yi karɓa-karɓa. Abin da ban lissafa ba shi ne inda Inna da Auta za su kasance duk tsawon lokacin. Abubuwan hawa na ƙirga, ban ƙirga zaman jiran waɗanda ba za su hau ba. Kusan rabin abin da ke cikin takardata bai shafi mutum biyu cikin shida ba, kuma su ne mafi tsufa da mafi ƙanƙanta. Zafin Fulorida a watan Agusta bai kai na Katsina a watan Afrilu ba idan ma'auni aka duba, amma iskar cike take da laima, gumi ba ya bushewa a jiki. Na yi wa Inna tayin kujera mai taya da ake bayarwa haya a bakin ƙofa, ta ce ita da ƙafafunta ta yi ɗawafi, ba za a tura ta kamar majinyaciya ba. Ban matsa ba, ban kuma rage saurin tafiya ba.

Abin da ya fi yi mini nauyi har yau shi ne Azahar. A takardar na rubuta 1:40 zuwa 1:50. Minti goma. Ban sa alwala a lissafi ba, a banɗakin jama'a mai famfon da sai ka kara hannu yake zubo ruwa, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ban sa neman lungun da babu hayaniya ba. Da muka samu wani gefe bayan shuke-shuke, Inna ta tambaya, "Ina gabas?" Na duba waya na nuna mata arewa maso gabas, don daga can alƙibla nan take. Ni na yi tawa da sauri na naɗe darduma. Ita kuwa ta yi tata yadda ta saba yi shekara sittin, ta zauna ta ja carbinta. Na tsaya a bayanta ina duba agogo. Mahaifiyata tana ganawa da Ubangijinta, ni kuma ina ƙirga mintocin da take ci mini. Ba ta ce komai ba, amma da ta shafa addu'a ta ɗago, ta ga inda idona yake.

Ƙarfe uku da 'yan mintoci hadari ya haɗo. A damina haka Fulorida take, kusan kullum da rana sai an yi tsawa, kuma da zarar an ga walƙiya kusa sai a dakatar da duk abin hawan da ke fili, don kare rayukan mutane. Cikinsu har da jirgin ma'adinan nan na Seven Dwarfs, wanda Ummi ta fi ɗoki, kuma gurbinmu ya faɗo daidai lokacin. Muka fake a ƙarƙashin wata rumfa. Ummi ta zame ta shiga ruwan tana tsalle a kududdufi tana dariya, ruwa ya fantsamo mini a takarda. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Ta dawo a sanyaye, ta tsaya gabana ta ce, "Baba, yi haƙuri, mun ɓata maka takardarka." *Mun* ta ce, ba *na* ba. Yarinya 'yar shekara takwas ta riga ta fahimci cewa su biyar ɗin nan duka cikas ne ga wani abu da ubanta yake yi.

Da dare a otal, bayan yara sun yi barci, maiɗakina tana shafa wa Inna man zafi a ƙafafun da suka kumbura. Da ta dawo ɗakinmu ta ce, "Baban Ummi, mu ka kawo hutu ko takardar ka kawo?"

Ina ma a ce a daren na gane. Abin da na yi shi ne na koma wancan gefen gaba ɗaya. Na ce to shi ke nan, gobe kowa ya yi abin da ya ga dama, na cusa takardar a aljihun jaka. Bayan Asuba na koma barci, ban tashi kowa ba. A raina ina kiran wannan sakin jiki, alhali fushi ne. Muka isa Animal Kingdom rana ta take. Gurbin Flight of Passage da na tashi da sassafe na kama a watan Yuni ya wuce tun ƙarfe goma. Yayansu bai yi ƙorafi ba, ya dai tsaya yana kallon allon da ke nuna tsawon jira, ya ce a hankali, "Baba, zan iya tsayawa ni kaɗai." Muka tsaya tare, fiye da awa biyu. A wannan tsakanin Inna da maiɗakina da ƙananan biyu suna ta yawo cikin rana suna neman inuwa da abin da ya halatta su ci, don teburin da na kama a gidan abinci mai kifi shi ma lokacinsa ya wuce. Dambun naman da maiɗakina ta yi tun daga gida, wanda ni ban ko sa shi a takarda ba, shi ya cece su.

Masu cewa a bar komai ya zo yadda ya zo, a daina tsare-tsare, ina jin ba su taɓa riƙe hannun yaro mai jin yunwa a tsakiyar dubban mutane ba. Rashin tsari a irin wannan wuri ba kowa yake cutarwa daidai ba. Mai ƙarfi yana jurewa, yana ma iya kiransa kasada. Tsohuwa da ƙaramin yaro su ke biya, kamar dai yadda suka biya ranar farko da tsarin ya yi yawa. Kwana biyu a jere na zaɓi hanyoyi biyu masu karo da juna, kuma mutum biyun nan ne suka sha wahala a duka biyun. Wannan ya nuna mini cewa matsalar ba a yawan tsari ko ƙarancinsa take ba. A ranakun biyu duka, kaina na sa a tsakiya: ranar farko tsoron asarata, rana ta biyu fushina.

Da yamma, rana ta yi sanyi, muka tarar layin Kilimanjaro Safaris ya ragu, muka shiga babbar motar da ke ratsa dajin da aka shirya wa namun Afirka. Yara suna ihun raƙumin dawa da giwa da dorina. Inna ba ta ce uffan ba sai da muka iso wajen shanun Ankole masu manyan ƙahoni. Nan ta miƙe zaune. Ta ce ko jajayen shanun Bororo da ke ratsa bayan garinsu lokacin tana yarinya ba su kai waɗannan ƙaho ba. A cikin bas ɗin komawa otal ta ba jikokinta labarin rugar da ake aikenta sayo nono, da ranar da wani bijimi ya kore ta har ta yar da ƙwarya. Ni ɗanta ban taɓa jin labarin nan ba.

Washegari da safe ita ta gyara al'amarin. Inna ba ta kama sunana, ni ne ɗan fari. Muna shan shayi ta ce, "Kai, Baban yaran nan, ɗauko takardar taka da alƙalami." Ta ce in juya bayanta. Sannan ta bi kowa ɗaya bayan ɗaya: faɗi abu guda da idan ka same shi ka gode Allah. Yayansu ya ce Space Mountain sau ɗaya kuma. Ummi ta ce jirgin da ruwa ya hana ta. Auta ya ce doki. Maiɗakina ta ce tana so ta zauna ta ci abinci mai zafi ba tare da wani ya ce mata saura minti biyar ba. Inna ta ce ita inuwa take so da Sallah a kan lokaci, kuma a karɓo mata kujerar nan mai taya, ta fasa gardama. Sai ta dube ni ta ce, "Kai fa?" Na rasa amsa. Wata shida ina tsara tafiyar nan, ban taɓa tambayar kaina ba. Can na tuna jirgin ƙasa mai tururi da ke kewaya Magic Kingdom, wanda na tsallake a takarda don na ga cin lokaci ne, na tuna yadda nake tsayawa kallon jirgi a tashar Funtuwa ina yaro. Na ce shi. Layi shida ke nan a bayan takarda mai shafi biyar.

Ranar muka je EPCOT bayan La'asar kawai. Maiɗakina ta ci abincinta a natse a sashen Maroko, wanda aka buɗe a 1984, kuma Sarki Hassan na Biyu ne ya turo masu sana'ar da suka yi adon bangonsa. Inna ta daɗe tana kallon hasumiyar da aka kwaikwayo daga masallacin Kutubiyya na Marakesh. Hollywood Studios kuwa muka yafe shi ɗungurungum, da gurabensa duka. Ya yi mini zafi a lokacin.

Rana ta huɗu muka koma Magic Kingdom, amma ba a dunƙule ba. Ni da Ummi da Auta muka yi sammako: Auta ya ga dokinsa har ya gaji, Ummi ta hau jirginta kafin layi ya taru. Sauran suka same mu da hantsi. Da lokacin Azahar ya gabato muna neman wuri mai shiru, sai Auta ya hango wani jirgin fito shimfiɗaɗɗe kamar dandamalin katako yana tsallakar da mutane zuwa wani tsibiri. Ya ce, "Baba, ina ne can?" Na ce ban sani ba, mu je mu gani.

Babu wani abin hawa a tsibirin. Bishiyoyi ne, da hanyoyin ƙasa, da koguna masu duhu da yara ke kutsawa, da wata gada da aka ɗora a kan ganguna tana lilo idan an taka, da ganuwar katako irin ta sojojin da. A bakin ruwa akwai baranda da kujeru masu lilo. Nan Inna ta sauka daga kujerarta mai taya ta zauna a ɗaya. Muka yi Sallah ba mai duba agogo. Yaran suka ɓace cikin koguna, sai muryoyinsu muke ji, Yayansu da ke ganin ya girma yana gaba wajen gudu. Wani farin jirgin ruwa mai hawa uku ya zo wucewa yana busa, mutanen ciki suna ɗaga hannu, Inna ta ɗaga musu nata. Akwai allon wasa irin na dara a ajiye, ni da maiɗakina muka yi wasa biyu. Kusan awa biyu muka yi a wurin, sai da hadari ya fara haɗowa muka tsallako.

Daga baya na karanta cewa shi kansa Walt Disney ya sha faɗin inda tunanin gina irin wannan wuri ya zo masa: yana zaune a benci a lambun Griffith da ke Los Angeles, 'ya'yansa mata biyu suna hawan lilon dawakai, shi kuma yana jira, sai ya ga ya kamata a samu wurin da iyaye da yara za su ji daɗi tare. Disneyland ta farko ta buɗe a Kalifoniya a 1955. Wato tun asali, mutumin da aka bari a benci yana jira shi ne dalilin gina wurin. Shi ne kuma wanda na manta da shi a lissafina.

Yanzu idan abokai suka tambaye ni, ba na ce musu su yar da tsari. Tsibirin nan bai zo mana daga sama ba. Mun same shi ne don abubuwa shidan da suka dame mu an riga an kashe su ko an san lokacinsu, ga ruwa da guzuri a jaka, ga kujerar Inna, ga rana a buɗe a gabanmu. Da ranar farko ce, da na ce wa Auta babu lokaci. Da rana ta biyu ce, da yunwa da gajiya sun hana mu ganin jirgin fiton ma. Abin da nake ce musu shi ne su kama abin da ba ya samuwa a bakin ƙofa: masauki, tikiti, abu ɗaya da kowane mutum ya faɗa da bakinsa, lokacin Sallah da na hutun tsakar rana. Su auna saurin tafiya da ƙafar wanda ya fi kowa rauni. Su yarda a rabu a sake haɗuwa. Sauran awannin kada su rubuta komai a kansu, ko da hannu yana ƙaiƙayi. Kuma kuɗin da aka kashe an riga an kashe shi, yawan abin da aka hau ba ya dawo da shi.

Abubuwa da yawa sun sauya tun daga lokacin. FastPass+ ya tsaya da zuwan korona a 2020, a 2021 aka maye gurbinsa da tsarin da ake biyan kuɗi. Jirgin ƙasan da na zaɓa, wanda muka hau da yammacin ranar muka kewaya filin sau biyu, an dakatar da shi a Disambar 2018, wata huɗu bayan zuwanmu, bai dawo aiki ba sai ƙarshen 2022. Inna ba ta sake zuwa Amurka ba, gwiwoyin ba sa barin doguwar tafiya.

Ranar da saƙon Yayansu ya zo, na jira har bayan Isha'i a Katsina na kira ta. Muka gaisa, ta tambayi takwararta da angonta. Na ce, "Inna, kin tuna tsibirin nan da muka tsallaka a Fulorida? An rufe shi, za su yi gini a wurin." Ta yi shiru, ina jin ƙarar carbinta ta cikin waya. Can ta ce, "Allah Sarki. Wurin da jirgin nan ya wuce muka ɗaga musu hannu." Na ce shi. Ta ce, "To kujerun nan fa, ina za su kai su?"